Jikin Babanki da Sauƙi

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ina sanar da ke cewa wasiƙarki ta iso ranar Talata, da hotuna huɗu a ciki. Babanki da kan sarkin da ke jikin ambulan ya fara, kin dai san halinsa. Mutum ya yi shekara talatin da ɗaya yana rarraba wasiƙun jama'a a gidan waya, ya yi ritaya, amma har yau in ya ga kan sarkin wata ƙasa sai ya nemo tabarau. Ya ce ki ci gaba da rubutowa a takarda, wai saƙon salula ba shi da ƙamshi.

Yanzu ga tawa maganar. An ɗauke ki aiki ne ki koya wa ƙananan yara Turanci, ba ki auna faɗin gari da ƙafa ba. Wata biyu kacal da zuwanki, kin hau gada, kin shiga gidan tarihi, kin hau jirgin ruwa. Yaushe kike shirya darasi? A hoto na uku mayafinki ya zame har kafaɗa, kina dariya ana iya ƙirga haƙoranki. Kuma wa ya ɗauki hoton? Ba ki faɗa ba. Baƙo ido gare shi, ba ƙafa ba. Ki kama kanki, domin duk abin da kika yi a can ba za a ce ke ce ba, gidan da kika fito za a ce.

Na kuma ji kin ce kina zama a ƙasa kuna waƙa da yaran. A zamanin da na yi sakandare malami tsaye yake, ɗalibi a zaune, kuma mun iya karatu. Amma tunda haka suke so, ki yi musu. 'Ya'yan mutane amana ne. Kada ki daki kowa, kada ki fifita mai kyan fuska a kan mai majina.

Kin tambayi jikin babanki. Da sauƙi. Ciwon cikin nan ne da kika bar shi da shi, muna zuwa asibiti. Yayyenki suna gaishe ki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki rufe kanki saboda sanyi.

Allah Ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki.

*

Umma da Baba,

Ina gaishe ku da kyau, ina fatan kun tashi lafiya. Umma, na karɓi faɗana, na gode, har na ji kamar ina gida. Wadda ta ɗauki hoton abokiyar aikina ce, ta kusa sittin, tana da jikoki uku da ciwon gwiwa. Ki kwantar da hankalinki.

Yarana goma sha huɗu ne, duk 'yan shekara huɗu. Kujerun ajin ƙanana ne ƙwarai, in na zauna a kai gwiwata tana gaisawa da haɓata, shi ya sa nake zama a ƙasa. Da safe suna jera takalmansu a bakin ƙofa, kowa da gurbinsa, amma da an tashi sai ka ga ƙafar hagu a dama. Makon farko wata yarinya ta yi ta goga bayan hannuna da yatsa, tana duba yatsan ko launina ya fita. Yanzu in ta yi barcin rana sai ta riƙe gefen mayafina.

Ga wani abin dariya, Baba. Abu na farko da littafin koyarwa ya ce in koya musu shi ne gaisuwa. In na ce da Turanci, yaya kake, sai su amsa, lafiya lau, na gode. Mun yi ta maimaitawa har ya zauna. Shekaranjiya wani yaro ya faɗo daga lilo, gwiwa ta fashe, jini yana zuba. Na ruga na ɗauke shi, na ce yaya kake? Yana kuka, majina har baki, ya ce mini lafiya lau, na gode. Ita kaɗai ce amsar da na koya masa. Na rasa in yi dariya ko in taya shi kukan.

Ranar Asabar na je babban gidan wayan garin saboda kai. Baba, da ka gani. Rufinsa ya yi tsayin bene huɗu, akwatunan wasiƙa na tagulla sun cika bango guda, ana goge su kullum har kana ganin fuskarka. Na ga wani tsoho a bayan kanta yana buga hatimi, yana lasar yatsa kafin ya juya takarda, kamar kai sak. Na ce masa babana ma aikin da ya yi ke nan. Bai ji Turanci ba, ni ban ji yarensu ba, amma ya zaɓo mini kan sarki mai tsuntsu, shi ne a jikin ambulan ɗin nan.

Umma, wannan taki ce. Nan da wata biyu za a ba mu hutun kwana goma, shi kaɗai ne a shekarar. Malamai sun shirya tafiya zuwa wani dutse mai ƙanƙara a ka, wai daga samansa ana hango teku. Zan iya bin su, zan kuma iya zuwa gida. Ranar Lahadi da muka yi waya muryar Baba ta yi ƙasa, ya kuma hana a kunna hoto. A waya kullum da sauƙi kike cewa, na san yana kusa yana ji. Shi ya sa nake tambaya a takarda, don na san abin da kika rubuta da hannunki ba ya tashi. Ki gaya mini gaskiya. In zo?

Ku huta lafiya.
Autarku.

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya gida, ya yara, ya ƙafar taki? Na zaɓi in rubuto miki ne domin in na buɗe baki a waya ba zan kai ƙarshen magana ba.

Jikin Malam ya ƙi. Ba ciwon ciki ba ne kamar yadda muke gaya wa mutane, ciwon daji ne a hanta, kuma ya bazu. Likita ya kira ni da babban yaron, ya ce mu koma da shi gida mu kula da shi, abin da ya rage watanni ne, su ma ba masu yawa ba. Mun dawo da gadonsa falo kusa da taga. Zoben hannunsa yanzu zare na naɗa masa don kada ya faɗi. Cokali uku in ya sha, an yi sa'a.

Ya sa ni na yi masa alkawari, ni da yaran maza, cewa ba za a gaya wa Auta ba. Na yi masa gardama, Yaya, kin san bakina. Ya ce in ta ji, ba hutun kwana goma za ta zo ba, aikin za ta ajiye gaba ɗaya, alhali shekara uku ta yi tana nemansa. Ya ce, "Ta zo ta yi me? Ta zauna a gefen gado tana kallona ina ƙarewa? Shekara talatin da ɗaya ina taɓa sunayen garuruwa a bayan ambulan, ko ɗaya ban taka ba. Yanzu da idon yarinyar nan nake yawo. Kada ki rufe mini ido tun kafin lokaci."

Ni ce mai karanta masa wasiƙunta, tunda ganinsa ya yi rauni. Ni da nake yi mata faɗan yawo, ni ce nake karanta labarin gada sau uku a rana. Jiya na karanta masa labarin wani yaro a ajinta da ya fashe gwiwa, yana kuka yana cewa lafiya lau, don ita kaɗai aka koya masa. Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi ba. Na tashi na shiga kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Ta tambaye ni a rubuce ko ta zo. Kwana biyar takardar tana ƙarƙashin filona. Ni na raine ta a kan cewa maƙaryaci ba ya cin abinci a gidana. Ni kuma na koya mata alkawari kaya ne. Yau ga su biyun sun tsaya mini a ƙofa ɗaya. Ki ba ni shawara, ki kuma sa mu a addu'a.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Na gaishe ki, ya mai jiki? Allah Ya sa kaffara ne. Na karanta takardarki sau biyu, na yi kuka na share.

Kin nemi shawara, ga ta, ba zan shafa mata mai ba. Ki gaya wa yarinyar nan. Mijinki mutumin kirki ne, amma shi tafiya zai yi, ke za a bari da ita. Alkawarin da aka ɗauka a kan haƙƙin wani ba alkawari ba ne. Uban nata ne, ba naki ke kaɗai ba.

Na san ki tun kina tsumma. In kika kafe, ko jaki ya sallama miki. Kuma na san dabarar da za ki yi, za ki nemo kalmar da ba ƙarya ba ce ba kuma gaskiya ba, ki ɓuya a bayanta. Kada ki yi. In ba za ki iya ba, ki ba ni izini ni in kira ta.

Ƙafa tana nan yadda take. In ta bar ni, ina tafe ƙarshen wata.

Yayarki.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso, babanki ya ji daɗin tsuntsun. Ya sa na ɗora ambulan a kan tukunyar ruwan zafi har kan sarkin ya saki, ya manna shi a littafinsa na tara kan sarki. Ya ce tsohon nan mai lasar yatsa ɗan'uwansa ne, in kin koma ki gaishe shi.

Game da yaron da ya faɗi, ba abin dariya ba ne. Ina kike har ya hau lilo shi kaɗai? Malamar ƙananan yara ido huɗu gare ta. Ki kiyaye gaba.

Game da tambayarki. Jikin babanki da sauƙi. Yana shan magani, muna kula da shi, ni da yayyenki, ba a rasa hannu ba. Hutun kwana goma, huɗu za su tafi a hanya, ki koma aji a gajiye ki cuci 'ya'yan mutane. Wanda ya ɗauki aikin shekara ya cika shekara, haka ake gane ɗan halak. Babanki ya ce ki bi malaman ki hau dutsen. Ya ce ki duba masa da kyau, ki rubuto komai, har kalar ruwan tekun, kada ki taƙaita. Ni ma na amince ki je. Ki sa safa biyu, kada ki matsa bakin rami don a ɗauke ki hoto.

Ba ni da doguwar magana yau, aiki ya yi mini yawa.

Allah Ya tsare.
Mahaifiyarki.

*

Babana,

Ina gaishe ka daga gindin dutse. Umma, ina gaishe ki, amma wannan ta Baba ce, ke karatu kawai za ki yi, ban da gyara.

Mun yi awa shida a jirgin ƙasa. Ka ce kada in taƙaita, to ga shi. Mun wuce gonaki a shimfiɗe kamar an yi musu guga, mun shiga rami a cikin dutse har sau tara, na ƙirga. Kowane ƙaramin gari da muka tsaya sai na leƙa in ga ko zan hango gidan wayansu. Na ga uku.

Ba da ƙafa ake hawa ba. Wani akwatin gilashi ne rataye a igiyar ƙarfe, mutum takwas yake ɗauka, ya yi ta jan ku sama kuna lilo a kan bishiyoyi. Abokiyar aikina ta rufe ido tana kiran sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na ce in na rufe ido me zan gaya wa Baba?

A sama ƙanƙarar ba kamar ta firji ba ce, laushi gare ta kamar garin da aka tankaɗe, in ka taka tana ƙara. Shiru ne a wurin irin wanda ban taɓa ji ba. Tekun kuma, Baba, ba shuɗi ba ne kamar a hoto. Kusa da gaɓa kore ne, can gaba ya yi toka-toka, can ƙarshe kuma ba ka iya cewa nan ruwa ya tsaya, nan sama ta fara. Na ga jirgi guda ɗaya, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Na daɗe a tsaye har yatsuna suka daina ji.

Na sayo wa yarana ƙananan ƙararrawa goma sha huɗu, na san zan yi da-na-sani ranar da muka koma aji. Kai kuma na sayo maka hular ulu mai rufe kunne. Da kaina zan sa maka in na dawo, Umma ta yi ta faɗa.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Tunda nake, Umma ba ta taɓa cewa in je yawo ba sai wannan karon. Na yi ta juya abin a jirgi. Amma ta rubuta da sauƙi da hannunta, na ce to, shaiɗan ne yake raya mini. Na kira jiya ba a ɗauka ba, wataƙila dutsen ne ya tare.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Baba.
Malamarka ƙarama.

*

Zuwa ga Auta,

Ina yi miki gaisuwa, ina kuma yi miki ta'aziyya, kamar yadda ake yi mini. Tun ranar da yayanki ya kira ki ya gaya miki, kin daina ɗaukar wayata. Kwana goma sha tara ke nan. Saboda haka na koma takarda.

Babanki ya cika ranar Alhamis da hantsi, rana ta huɗu da fara hutunki. Bai sha wahala a ƙarshe ba. Ina gefensa, yayyenki suna nan, yayata ma ta iso. Da safen ya tambaye ni ko kin kai saman dutsen. Na ce lissafi ya nuna kin kai. Ya ce madalla. Kiran da kika yi ba a ɗauka ba, ina ganinsa, wayar tana hannuna, gidan cike da mutane.

Wasiƙarki ta dutse ta iso bayan kwana goma sha ɗaya. Sunansa ne a kai, na rasa wanda zai ba ni izinin buɗewa. Daga baya na buɗe, na zauna a kujerar da nake zama, na karanta da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe. Ban gyara komai ba.

Yayanki ya ce kin ce an yaudare ki. Ki yi hattara da harshenki, baƙin ciki ba ya halatta rashin kunya. Babanki ne ya hana a gaya miki, ya ɗaure ni da alkawari, kuma mace ba ta saɓa wa mijinta yana kan gadon mutuwa. Ya so ki cika aikinki, ya so ki ga abin da bai gani ba. Wasiƙunki su ne abincinsa a watannin nan, wannan gaskiya ce, ki riƙe ta.

Kuma ban yi miki ƙarya ba. Ke ba baƙuwa ba ce a harshen nan. Tun da aka haife ki, kin taɓa jin an tambayi jikin mara lafiya an ce ba sauƙi? Ko mutum yana shure-shuren ƙarshe, da sauƙi ake cewa. Addu'a ce, ba rahoton likita ba. Na ɗauka za ki gane. Rai kuma na Allah ne, ko kin zo ba za ki ƙara masa minti ɗaya ba.

Ki yi haƙuri, ki yi masa addu'a, ki ɗauki wayata.

Mahaifiyarki.

*

Umma,

Na san abin da ake nufi da kalmar a bakin ƙofa, in maƙwabta sun zo dubiya. Shi ya sa ban tsaya a waya ba. Na ce ki rubuta, na ce ki gaya mini gaskiya, na ce in zo? Ni ba maƙwabciya ba ce.

Kin ce kin ɗauka zan gane. In kin so in gane, me ya sa kika ce in sa safa biyu?

Kowa ya sani, ke da yayyena da Inna yayarki. Kowa ya samu ya zauna kusa da shi, ya riƙe hannunsa, ya nemi gafara. Ni kuna can kuna wanke shi, ina nan ina zaɓen hula. Na san ba zan ƙara masa minti ba. Kwana uku nake da su kafin Alhamis ɗin nan, nawa ne, ba na Baba ba ne da zai bayar, ba naki ba ne da za ki riƙe.

Ban fasa zuwa aji ba ko rana ɗaya, tunda wanda ya ɗauki aikin shekara ya cika shekara. Ina shiga banɗakin yara in yi kukana, in wanke fuska a ɗan famfonsu da sai na durƙusa, in fito mu yi waƙa. Shugabar makarantar ta ce in ina so su sabunta mini wata shekarar. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata. Da can na san amsar. Yanzu ban san me zan zo in tarar ba, ban kuma san wace takarda taki zan sake yarda da ita ba.

Auta.

*

'Yata,

Ina gaishe ki, ko da ke ba ki gaishe ni ba. Na rubuta miki shafi biyu a kan wannan rashin gaisuwar, na karanta, na yaga.

Yayata ta gargaɗe ni tun da lokaci, ban ji ba. Na san abin da kike tambaya, na kuma san yadda za ki karanta amsata, don haka na zaɓe ta. Babanki ya roƙa, amma hannuna ne ya rubuta. Kwana ukun nan naki ne, na hana ki, kuma ba ni da inda zan samo su in mayar miki.

Ki yafe mini. Shekarata hamsin da takwas, ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa wannan kalma ba, ban san ko haka ake jera ta ba.

Maganar wata shekarar, ba zan ce ki zauna ba, ba zan ce ki taho ba. Na yi miki zaɓi sau ɗaya, ya isa. Abin da za ki tarar kuwa, ni ce, ni kaɗai, a gidan da ya yi mini yawa. Ina son ganinki.

In ba za ki iya ɗaukar waya ba tukuna, ki rubuto. Ko faɗa ne, zan karanta har ƙarshe.

Ummanki.